Yaushe Yaro Ya Ke Isa Shiga Biyar Ɗin Farko?

 Yau ina so mu duba wata gardama wadda ta tashi a zauren wani attajiri a nan Gumel, ran wata Alhamis da dare, bayan mutane sun komo daga kasuwar Maigatari. Mai zauren yana da ɗa, saurayi ɗan shekara 18, dogo ƙwarai, wanda sai ya sunkuya ya ke shiga ƙofar zauren ubansa. Yaron nan ya yi karatun allo a hannuna yana ƙarami, yanzu kuwa yana makaranta a Kano, yana kuma yi wa wata ƙungiya ta can wasan ƙwallon kwando. Abin da ya dami uban shi ne, shekara guda ke nan mai horad da su bai taɓa sa yaron cikin mutum biyar ɗin da su ke fara wasa ba. Kullum sai an yi nisa a kira shi, ya yi 'yan mintoci, a mai da shi benci. Waɗansu mazauna zauren suka ce wannan zalunci ne, a cire yaro a kai shi inda za a san darajarsa. Waɗansu kuma suka ce a yi haƙuri, yaro bai nuna ba tukuna. Da aka ce in faɗi nawa, sai na nemi a ba ni kwanaki in bincika, gama ba a yanke hukunci a kan abin da ba a san siffarsa ba. To, ga abin da na samo.

Da fari ya kamata wanda bai san wasan ba ya san yadda ya ke. Wani malamin motsa jiki mai suna James Naismith ya ƙaga shi a Amurka cikin 1891. Kwandon yana rataye ne bisa, tsawon ƙafa 10 daga ƙasa. Kowace ƙungiya ta kan zo da mutum 12, amma biyar kaɗai ke cikin fili a lokaci guda. A dokar da mu ke bi a ƙasar nan, wasa minti 40 ne, an raba shi kashi huɗu. Akwai kuma dokoki biyu waɗanda gardamarmu ta rataya a kansu. Ta farko, wanda aka fitar daga fili yana iya komawa ko sau nawa a ke so, ba kamar ƙwallon ƙafa ba inda wanda ya fita ya fita ke nan. Ta biyu, wanda alƙalin wasa ya kama da laifi har sau biyar, kamar ture abokin hamayya ko dukan hannunsa, an kore shi daga wasan ranan nan ɗungum. Ku riƙe waɗannan biyu, za mu komo gare su.

Masu cewa a sa yaron suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Sun ce ba a koyon iyo a tudu. Wanda bai taɓa fara wasa ba, jama'a na ihu, zuciya na bugawa, ta ina zai saba? Sun ce kuma sau da yawa manya kan riƙe wuri don tsoron kada na baya ya fi su, su riƙa cewa yaro ne, yaro ne, har yaron ya yi furfura. Wannan gaskiya ne, mun gan shi a kasuwa, mun gan shi a makaranta. Masu cewa a jira su ma suna da tasu. Sun ce tsawo kyautar Allah ce, ba gwaninta ba, kuma wanda aka ɗora wa kayan da ya fi ƙarfinsa gaban jama'a, in ya faɗi, kunyar ta kan karya masa zuciya fiye da yadda kayan ya karya masa wuya. Tun da ya ke kowane ɓangare ya riƙe gefen gaskiya, sai mu duba abin da ya auku ga waɗanda suka riga suka bi wannan hanya.

Babban misali shi ne Hakeem Olajuwon, ɗan ƙasarmu, wanda aka haifa a Ikko, watau Legas, cikin 1963. Yana yaro tsaron gida ya ke yi a ƙwallon ƙafa, yana kuma ƙwallon hannu. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, a nan Arewa ya fara shiga gasar ƙwallon kwando. Makarantarsu, Kwalejin Malamai ta Musulmi ta Ikko, ta zo wasannin makarantun malamai a Sakkwato, shi kuwa yana cikin 'yan ƙwallon hannu, yana da shekara 15. Wani abokin karatunsa ya roƙa a bar shi ya shiga cikin 'yan kwando, aka yarda. Cikin 1980 ya tafi Jami'ar Houston a Amurka, wurin mai horarwa Guy Lewis. Shekararsa ta farko bai taka fili ba ko sau ɗaya, don ba a ba shi iznin shiga gasa ba tukuna. Shekara ta biyu, 1981 zuwa 1982, galibi daga benci a ke tashe shi. Ya kan yi ƙasa da rabin lokacin wasa, ya ci maki kamar 8, gajiya na kama shi da wuri, laifi kuma na taruwa a kansa. Ku lura fa, wannan shi ne mutumin da daga baya duniya ta sallama masa.

To, me ya yi? Bai tattara kayansa ya sake gida ba. Ya tambayi masu horad da shi abin da zai yi ya sami ƙarin lokaci, suka nuna masa wani ɗakin wasa a birnin Houston, sunansa Fonde, inda manyan 'yan wasa ke taruwa lokacin hutu. A can ya riƙa karawa da Moses Malone, wanda a shekaran nan ta 1982 aka zaɓa gwarzon babbar gasar Amurka da a ke kira NBA. Malone ƙaƙƙarfa ne, ba ya raga wa kowa. Yaro ya sha turi, ya sha gwiwar hannu, kullum ya komo. Da aka koma gasa sai ga wani mutum dabam. Ya shiga biyar ɗin farko, makinsa ya kai kusan 14 a kowane wasa, ƙwallon da ya ke cafkewa in ta dawo daga kwando ta haura 11. Cikin 1983 suka kai wasan ƙarshe na jami'o'in Amurka, aka cinye su 54 da 52, amma duk da haka shi aka ba lambar gwarzon gasar. Cikin 1984 ƙungiyar Houston Rockets ta ɗauke shi na ɗaya a zaɓen sababbin 'yan wasa, a shekarar da aka ɗauki Michael Jordan na uku. Ya ci kofin NBA a 1994 da 1995, ya kuma bar wasa a 2002 da tare ƙwallo sau 3,830, adadin da ya fi na kowa a littafin gasar.

Manoman Gagarawa da Sule Tankarkar ba su bukatar a yi musu dogon sharhi a kan wannan labari. In za a koya wa ɗan sa huɗa, ba a haɗa shi da ɗan'uwansa sabo a karkiya ɗaya, sai su ja garma su shiga daji. Da tsohon sa a ke haɗa shi, wanda ya san kunya, ya san inda a ke juyawa. Sa'an nan ba a wuni da shi ran farko, kunya kaɗan zai yi a kwance shi. Malone shi ne tsohon san Olajuwon, mintocin nan kaɗan na shekara ta biyu kuwa su ne kunyoyinsa na fari.

Akwai wani abu kuma cikin labarin nan da ya kamata uban yaronmu ya ji. Ko bayan da Olajuwon ya shiga biyar ɗin farko, abubuwan nan biyu ba su sake shi nan da nan ba. A wasan ƙarshe na 1983, wanda aka yi a Albuquerque, gari mai tudu inda iska ba ta da kauri, sai da aka riƙa fitad da shi yana shaƙar iskar kwalba. A wasan ƙarshe na 1984, da suka kara da Jami'ar Georgetown, laifi huɗu ya hau kansa tun farkon rabi na biyu, ya koma yana wasa da ɗari-ɗari, aka cinye su 84 da 75. Watau numfashi da laifi su ne ke kayad da dogo, kuma ba a ganinsu a minti biyar na farko.

Kada wani ya ce wannan labarin da ne, ga na kwanan nan. Rueben Chinyelu yaron shago ne, yana taya wani ɗan'uwansa sayad da tufafi a Ikko, har cikin 2018 aka ba shi shawara ya gwada ƙwallon kwando saboda tsawonsa. Daga nan ya sami shiga makarantar da NBA ta buɗe a Saly ta ƙasar Sanagal. Gasar ƙungiyoyin Afirka da a ke kira BAL, wadda aka fara a Kigali cikin 2021, ta fito da wata dabara a 2022: kowace ƙungiya a ba ta yaro ɗaya daga makarantan nan, ya zauna cikin manya. Ta haka ya yi wasa da wata ƙungiya ta Beira a Mozambik cikin 2022, da Stade Malien ta Bamako cikin 2023. Ya tafi Jami'ar Washington State, inda ya fi yawan tasowa daga benci. Sai a shekarar 2024 zuwa 2025, a Jami'ar Florida, ya fara dukan wasanninsu 40, har suka ci kofi ran 7 ga Afrilu 2025, suka doke Houston, tsohuwar jami'ar Olajuwon, 65 da 63. Shekara bakwai ke nan daga shago zuwa kofi, mataki bayan mataki. Ga kuma abin lura: ko a shekaran nan makinsa bai wuce kamar 6 a wasa ba, kuma wajen rabin lokaci ya ke yi a fili. An sa shi gaba ne saboda aikin da 'yan kallo ba su tafa wa, watau tsare gindin kwando da ƙwato ƙwallo.

Sai mu duba ɗaya gefen, inda aka sayi tsawo da tsada. Hasheem Thabeet na Tanzaniya tsawonsa ƙafa 7 da inci 3. Ƙungiyar Memphis ta ɗauke shi na biyu a zaɓen 2009, aka ɗora masa buri mai nauyi. Tun shekarar farko ba ta ƙare ba aka tura shi ƙaramar gasa ya ƙaro sani, ya kuma gama zamansa na NBA makinsa bai kai 3 a wasa ba. Ba na zargin yaron, ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Waɗanda suka yi cinikin su ne suka dubi tozo ba su buɗe baki sun duba haƙora ba, abin da ko ƙaramin dillali a karar Maigatari ba zai yi ba.

Amma fa kada masu cewa a jira su ɗauka sun ci gari, gama shekaru su ma ba su ne ma'auni ba. Victor Wembanyama na Faransa ya shiga biyar ɗin farko na ƙungiyar San Antonio tun wasansa na fari a NBA cikin 2023, yana da shekara 19, aka kuma zaɓe shi gwarzon sababbi a ƙarshen shekara. Dalili kuwa, tun yana ɗan shekara 15, cikin 2019, ya ke karawa da magidanta a ƙasarsu. Ya riga ya yi zaman karkiyarsa kafin a san shi. Saboda haka tambayar da ta kamata a yi game da kowane yaro ita ce, da wa ya kara, har sau nawa, kuma yaya ya ƙare?

Ni a ganina abubuwa uku a ke dubawa, kuma duka a kan iya ƙidaya su, ba sai an yi rantsuwa ba. Na ɗaya numfashi. A dubi yaro a kashi na huɗu, in an ƙwace ƙwallo, shin da gudu ya ke komawa tsaron gidansu ko da tafiya? Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. Na biyu laifi. In yaro ya kan tara laifi uku cikin minti 10, to, in an fara da shi ba zai ga ƙarshen wasa ba, ƙungiya kuwa za ta rasa shi daidai lokacin da ta fi bukatarsa. Mai horarwar da ya ajiye irin wannan yaro a benci da fari, mai yiwuwa tattalinsa ya ke yi. Na uku amana. Shin 'yan'uwansa huɗu sun san inda zai tsaya ba sai sun waiga ba? In ya ga wani ya fi shi kusa da kwando, ya kan miƙa masa, ko kuwa sai ya jefa da kansa don a tafa? In an yi masa tsawa gaban jama'a, ya kan gyara ko ya kan yi fushi?

Malamai sun san wannan ma'auni. Yaro mai zaƙin murya da saurin hadda ba a ba shi makaranta don muryarsa. Sai ya rubuta allonsa da ka, an karanta gaban gwanaye a wurin darasu, an kama masa kure ya karɓa. Sa'an nan a ba shi kolaye uku ko huɗu ya riƙa biya musu, a ga haƙurinsa. 'Yan kasuwa ma haka. Ba wanda ke danƙa wa sabon yaro kuɗin shanu goma ran da ya zo. Tunkiya ɗaya a ke fara aikensa ya sayo, a ga cinikinsa, a ga canjin da zai komo da shi.

Sai dai wannan misali yana da kaifi biyu, kuma ɗaya kaifin a kan mai horarwa ya ke. Malamin da ya bar gardi shekara goma bai taɓa ba shi ko yaro ɗaya ya biya wa ba, da maigidan da ya riƙe yaro har ya yi iyali bai sallame shi da jari ba, su ma sun ci amana. Jira yana da sharuɗɗa. Lalle ne mai horarwa ya gaya wa yaro a fili abin da ya rage masa. Lalle ne ya yanka masa mintoci sanannu, in ya cika su da kyau a ƙara masa. Lalle ne kuma wani lokaci a jefa shi fili sa'ad da wasa ya yi zafi, gama mintocin da a ke ba yaro bayan an riga an ci ko an riga an sha kashi ba su koya masa kome. Dokar da ta yarda a fitar da mutum a mai da shi ta sauƙaƙa wannan ƙwarai, ba mai horarwar da ke da uzuri. Masana wasan ma sun ce biyar ɗin da su ke rufe wasa sun fi biyar ɗin da su ke buɗe shi daraja, har NBA ta keɓe lambar girma tun shekarar 1982 zuwa 1983 domin gwanin da ke tasowa daga benci.

Yanzu sai mu zo ga abin da ya fi damuna, wanda ya wuce yaro ɗaya. Duk gwajin da na lissafa yana bukatar wasanni masu yawa, mu kuwa a nan su ne suka yi mana ƙaranci. Arewa ba baƙuwa ba ce a wasan nan. A Zariya Masai Ujiri ya tashi, ya koyi wasa a hannun mai horarwa Oliver Johnson, har ya zama shugaban ƙungiyar Toronto Raptors sa'ad da ta ci kofin NBA a 2019. Kano Pillars ta ci kofin ƙasa sau da yawa, ta kuma zo ta uku a gasar zakarun ƙungiyoyin Afirka a Alƙahira cikin 2016. Amma cikin Yuni 2017 hukumar ƙwallon kwando ta ƙasa ta rabu biyu, aka yi zaɓe ɗaya a Kano, ɗaya a Abuja, rikicin ya ja shekaru, gasar cikin gida ta yi ta tsayawa. Cikin Mayu 2022 har gwamnati ta janye Nijeriya daga wasannin duniya, ko da ya ke ta soke wannan hukunci a watan Yuni, bayan 'yan wasanmu mata sun riga sun rasa gurbinsu na gasar duniya, an ba Mali. In manya suna jayayya a kan kujera, samari ne ke tsufa a benci. Yaron da ke samun wasa na gaske sau kaɗan a shekara, ba mai horarwa ba, ko waye ba zai iya shaidar ya isa ko bai isa ba.

Ga amsar da na kai wa mai zaure. Na ce, Alhaji, kada ka cire shi bana. Ka sa ya tafi wurin mai horad da su da ladabi, ya tambaye shi abin da ya rage masa, kamar yadda Olajuwon ya yi. Ka sami wani mai hankali ya riƙa rubuta mintocinsa da laifinsa a kowane wasa. Lokacin hutu kada ya zauna a Gumel yana cin yaran da ba su kai kafaɗarsa ba, ya nemi inda manya ke wasa a Kano ko Zariya ya sha turi. Karatunsa kuma kada ya sake shi, gama gwiwa ɗaya in ta goce wasa ya ƙare. In shekara ta zagayo, takarda ta nuna laifinsa ya ragu, numfashinsa ya ƙaru, amma mintocinsa suna nan inda su ke, to, sa'an nan ka sami hujjar neman masa wani gida, ba kuwa wanda zai ga laifinka.

Ku kuma attajiranmu, akwai abin da ke hannunku. Ƙasar Gumel ƙananan hukumomi huɗu ce, Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, kowacce da makarantun sakandare, dogayen samari kuwa Allah ya hore mana su. Filin wasan nan daɓen siminti ne, tsawon mita 28, faɗin mita 15, da ƙarfe biyu da kwando biyu. In mutum huɗu ko biyar cikinku suka haɗa hannu suka gyara fili ɗaya a kowane gari, suka sa kofi a riƙa karawa da rani bayan an gama girbi, yaranmu za su isa Kano da wasanni masu yawa a bayansu, mai horarwa kuma zai sami abin dubawa ban da tsawo. Wanda ya ke da wani ra'ayi dabam cikin masu karatu, ya rubuto mu ji, ƙofa a buɗe ta ke.

Allah ya shirya mana zuriya, ya ba shugabanni ikon riƙe amana. Haza wasalam.